Kafin ki zuba ruwa a tukunya

Na yi shekara bakwai ina girki a ɗakina kafin na gane abin da ke hana miyata daɗi. Kayan miya ba su taɓa yi mini ƙaranci ba, nama ma ina sawa daidai ƙarfinmu, amma idan na sauke sai in ji kowa yana harkar gabansa: ruwa gefe, tumatir gefe, nama kamar an wanke shi an tsoma. Sai in yi ta ƙara dunƙule, ɗaya, biyu, wani lokaci har huɗu, miyar ta yi zau, daɗin kuwa bai zo ba.

Goggona ce ta warware mini, wata shekara da ta zo ta yi mana kwana goma. Da yamma ta jawo kujera ta zauna a bakin kicin tana kallona. Na zuba mai, na watsa albasa, ko minti ɗaya ba ta yi ba na juye nama da markaɗe, na ɗauko kofin ruwa. Sai ta ce, "'Yata, ajiye ruwan nan. Ina kike saurin kai shi?" Na ce mata ai miya zan yi. Ta ce ta sani, amma daga lokacin da ruwa ya shiga tukunya an rufe ƙofa, duk ƙamshin da ban fitar ba kafin nan ba zai sake fitowa ba. Ta sa na kwashe komai, muka soma daga farko. Abin da na koya a wannan yammacin shi nake yi har yau, kuma shi zan faɗa miki.

Daga baya na samu dalilin maganarta. Ruwa ba ya wuce zafin digiri 100 a tukunya, komai yawan wutar da kika hura masa. Shi kuwa jan da nama da albasa ke yi, wanda ke kawo wannan ƙamshi na suya, sai zafi ya kai wajen digiri 140 yake kankama. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana abin a 1912: zafi yana haɗa sukarin da ke jikin abinci da sinadaran furotin, su haifar da sabon launi da sabon ƙamshi. Goggo ba ta san sunan mutumin ba, da hanci take gane abinta. Matuƙar akwai ruwa kwance a gindin tukunya, dafuwa kike yi, suya ba ta fara ba.

Ga abin da nake tanada idan miyar nama zan yi wa mutum shida: nama kilo 1, mai ƙashi a jiki; albasa manya 3; tumatir nunannu 7 ko 8, ko gwangwani ɗaya na giram 400; tumatirin leda ko na ƙaramin gwangwani, wato mai kaurin nan, cokali 2; mai cokali 4; tafarnuwa ƙwaya 4; ɗanyar citta kamar kan babban yatsa; barkono daidai bakin mutanen gida; karas 3; dankali 4; ruwa kamar lita ɗaya da rabi. Tukunyar kuma mai kaurin gindi nake so, mai faɗi. Tawa ta mahaifiyata ce, hannunta ɗaya ya karye tun ina 'yar makaranta, amma ban taɓa samun wadda ke raba zafi daidai kamarta ba. Tukunya mai shara-sharan gindi takan ƙona tsakiya ta bar gefe ɗanye.

Naman da za ki saya ma yana da magana. Kada ki ɓata kuɗinki a kan zallar tsoka mai laushi, wannan na gashi ne ko na suyar minti biyar, idan ya daɗe a ruwa bushewa yake yi ya zama kamar igiya. Na miya shi ne na ƙafa, na kafaɗa, na wuya, na wutsiya, wuraren da dabba ta fi motsawa, masu jijiya da guringuntsi da ɓargo. Jijiyar nan da take da tauri tana ɗanye ita ce take narkewa a hankali ta ba romo jiki, har ki ji leɓɓanki suna ɗan mannewa idan kin kurɓa. Idan kaza ce, cinya da fiffike sun fi ƙirji.

Ki yanka shi manya-manya, domin yana raguwa a wuta. Idan kin wanke, ki bar shi ya tsane sosai a kwando, sannan ki goge jikinsa da tsabtataccen ƙyalle ko takardar kicin. Wannan gogewar ce mutane suka fi tsallakewa, alhali jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja. Ki barbaɗa masa gishiri, ƙaramin cokali ɗaya da rabi ya isa kilo guda.

Ki ɗora tukunya babu komai ta yi zafi, ki zuba mai, ki jira ya fara sheƙi yana gudu kamar ruwa idan kin karkata ta. Sai ki jera naman ɗaya bayan ɗaya, kowane yanka ya taɓa gindin tukunya, da ɗan fili tsakaninsa da na kusa. Kilo guda ni sau biyu nake soya shi, wani lokaci sau uku. Na san akwai gajiya, musamman ranar da mutum ya dawo daga aiki yara suna ta kai-komo a bakin ƙofa. Amma idan kika juye duka lokaci ɗaya, zafin tukunyar zai faɗi, naman ya saki ruwansa, ki ga ya koma toka-toka yana iyo a cikin kumfa. Da kin jera, ki cire hannunki. Minti uku zuwa huɗu ba juyi. Idan kin ɗaga yanka ɗaya kin ji ya kama tukunya, bai yi ba tukuna, shi da kansa zai saki idan ya soyu. Gefe biyu ya wadatar, ba dahuwa ake nema ba a nan, launi ake nema. Ki kwashe a faranti, ruwan da zai tsatso a farantin kuma kada ki zubar.

Yanzu ki leƙa tukunyarki. Za ki ga wani jan ƙanzo ya manne a ƙasa. A da ina ganinsa sai in ce tukunya ta kama, in canja wata, in jiƙa wannan a wajen wanke-wanke. Ashe rabin daɗin miyar nake wankewa. Matuƙar launinsa ja ne mai duhu, dukiya ce. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, to wannan kam ya ƙone, ki wanke ki sake, domin ɗacinsa ba ya ɓuya a miya.

Ki rage wuta ki zuba albasa a kan ƙanzon, da ɗan gishiri kaɗan don ta saki ruwanta da wuri. Ruwan albasar zai fara ɗago ƙanzon, ki taimaka masa da cokalin katako. A nan nake ɗaukar lokacin da ya fi ko'ina, minti goma sha biyu zuwa sha biyar, ina juyawa jefi-jefi. Za ki ga ta bi matakai: ta fara yin fari mai haske, ta yi laushi ta ragu kusan rabi, sannan gefenta ya soma yin ruwan zuma. Ƙamshin ma yana canjawa, wannan yajin da ke sa hawaye ya tafi, wani zaƙi-zaƙi ya maye gurbinsa. Albasa uku za ki ga kamar sun yi yawa, amma bayan awa biyu ba za ki ga ko ɗaya ba, sun narke sun zama kaurin miyar. Ba mu kaɗai muka dogara da wannan ba. Faransawa da Italiyawa ma haka suke soma yawancin miyarsu, albasa da karas da seleri, wani kayan lambu mai ƙamshi, a cikin mai a kan wuta kaɗan. Idan kin ga ƙasan yana neman yin duhu kafin albasar ta yi, cokali biyu na ruwa zai kwantar da shi, nan da nan zai ƙafe suyar ta ci gaba.

Tafarnuwa da citta sai albasa ta gama. Minti ɗaya ya ishe su, tafarnuwa tana saurin ƙonewa, kuma ƙonanniyar tafarnuwa ɗaci gare ta. Idan kina da busassun kayan ƙamshi, su ma yanzu ne lokacinsu, domin yawancin ƙamshinsu a mai yake fita. Daƙiƙa talatin, da kin ji sun tashi, ya isa.

Sai tumatir mai kaurin nan, cokali biyu. Ki ture albasa gefe ki sa shi a kan tukunya kai tsaye, ki murza shi cikin mai minti biyu zuwa uku har ya tashi daga ja mai haske ya koma launin jan bulo. Bayansa ki juye markaɗe da barkono, ki ƙara wuta kaɗan, ki bar tukunya a buɗe. Abin da kike jira shi ne ruwan tumatir ya ƙafe. Alamarsa ba ta ɓuya: ƙarar tukunyar za ta canja daga ɓul-ɓul zuwa cuwwa irin ta suya, mai zai taso ya kewaye gefe, idan kin ja cokali a ƙasa hanyar za ta tsaya ba ta rufe nan take ba. Yakan ɗauki minti goma sha biyar zuwa ashirin, gwargwadon ruwan tumatirin. Wannan ne maganin tsami da gafin ɗanyen tumatir. Wasu suna sa bekin soda don su gajarta hanya, kuma lallai tana kashe tsami, amma idan hannu ya zarce miyar takan yi lami da wani ɗanɗano kamar na sabulu. Ni na fi son in jira.

To, yanzu ki ɗauko ruwanki. Ki mayar da naman da ruwan da ya tsatso a faranti, ki zuba ruwa mai zafi iya yadda zai kusa rufe naman, ki kankare gindin tukunya tas da cokali, kada ki bar komai manne. Ki fara da lita ɗaya, sauran ki ajiye a kusa. Ƙarin ruwa abu ne mai sauƙi, rage shi ne ke cin lokaci da gas.

Da ta tafasa, ki rage wuta ƙasa sosai, ki ɗora murfi ki bar ɗan gefe a buɗe. Na daɗe ina zaton tafasa mai ƙarfi ita ke saurin dafa nama. Zafin ruwan kusan ɗaya ne, sai dai zaɓalɓalar tana matse tsoka, ta farfasa kayan lambu, ta dagula maiƙo cikin romo. Abin da nake so in gani shi ne kumfa ɗaya-ɗaya tana fitowa nan da can. Naman sa yana son awa biyu, wani lokaci biyu da rabi; na rago ko akuya awa ɗaya da rabi zuwa biyu; cinyar kaza minti arba'in, sai dai tsohuwar kaza da takan ninka haka. Idan kika taɓa nama bayan awa ɗaya kika ji ya yi tauri, kada ranki ya ɓaci, a tsakiyar hanya yake. Ya yi ne idan cokali mai yatsu ya shige shi ba gardama. Mai tukunyar matsi, wadda zafinta ke kaiwa wajen digiri 120, za ta gama cikin minti talatin da biyar zuwa arba'in da biyar, amma ita ma sai ta yi suyar farkon nan, tukunyar ba ta yi mata wannan.

Kayan lambu kowa da lokacinsa. Karas da dankali saura minti talatin, kabeji saura goma, ganye mai laushi irin alayyahu saura uku. Ki sani tsamin tumatir yana sa dankali jinkirin nuna, don haka kada ki yanka shi manya ƙwarai.

Idan kin bi wannan hanya, da wuya ki nemi abin ƙara kauri. Amma idan ta yi miki tsululu, ki buɗe murfi ki bar ta minti goma, ko ki murƙushe yankan dankali biyu a jikin tukunya ki juya. Idan fulawa za ki sa, kada ki barbaɗa ta a tafasasshiyar miya, gudaji za ta yi. Ki cuɗa ta da man shanu, yawansu daidai da juna, ki riƙa jefawa kaɗan-kaɗan, ki bar ta ta dahu minti biyar don gafinta ya fita. Garin sitacin masara kuma da ruwan sanyi ake dama shi kafin a zuba.

Ɗanɗanawa ita ce aikin ƙarshe, kuma da natsuwa nake yin ta. Nakan ɗebo a ƙaramin kofi in bar ta ta ɗan huce, domin harshe ba ya jin gishiri sosai a abu mai tsananin zafi. Idan na ji ta lami, gishiri kaɗan, in juya, in jira minti ɗaya, in sake ji. Dalilin da ya sa ba na cika gishiri tun farko shi ne ruwa yana ƙafewa, gishiri kuwa yana nan. Idan gishiri ya ji amma har yanzu miyar tana da nauyi a baki, kamar ba ta farka ba, to tsami take nema: rabin lemun tsami bayan an kashe wuta. Ki gwada a kofi tukuna, ki ɗiga biyu, ki ji bambancin da kanki. Ranar da na fara yin haka maigidana ya tambaye ni ko wani sabon kayan ƙamshi na sayo.

Ban daina amfani da dunƙule ba, kuma ba zan ce ki daina ba. Amma daga huɗu na koma ɗaya, wata rana ma ba na sawa. Abin da ke ba shi daɗi sinadarin gulutamet ne, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa shi ke kawo irin wannan ɗanɗano, kuma nunannen tumatir yana ɗauke da shi da yawa, shi ya sa tumatirin da ya soyu ya ƙafe ke yin rabin aikin. Babban kaso na dunƙulen kuwa gishiri ne, saboda haka idan za ki sa shi, ki sa kafin ki daidaita gishirinki. Idan kuma tsautsayi ya sa gishiri ya zarce, maganar jefa ɗanyen dankali ya tsotse shi na gwada ta sau da yawa, ba ta taɓa yi mini aiki ba, dankalin yana shan romon ne yadda yake. Abin da ke aiki shi ne ƙara ruwa da ƙarin kayan lambu marasa gishiri, ko ki rage gishirin shinkafa ko taliyar da za a ci da ita.

Ba kullum ake samun nama ba, ba kuma kullum ake da awa uku ba. Tushen nan na albasa, tafarnuwa da soyayyen tumatir shi kaɗai miya ne. Ranar da na makara, ina gama shi sai in fasa ƙwai shida a kai in rufe minti shida, ko in jera yankan kifi in ba shi minti goma ba tare da na juya ba, tukunyar kawai nake girgizawa. Idan taliya ce, nakan ɗebi ludayi ɗaya na ruwan da ta dahu a ciki in zuba a miyar, sitacin da ke cikinsa yana sa miya ta kama jikin taliya. Da wake kuwa yakan zama abincin da ke riƙe ciki har safe. Ki jiƙa shi tun dare, ki dafa shi daban har ya yi laushi kafin ki haɗa shi da tumatir, in ba haka ba tsamin zai sa ya ƙi nuna. Jan waken nan mai siffar ƙoda yana da nasa sharaɗi: dole ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti goma a farko, domin akwai wani sinadari a jikinsa mai sa amai da gudawa wanda ƙaramar wuta ba ta kashewa. Ƙasusuwan kaza da suka rage ma ba na zubarwa. In tara su a firiza, ranar hutu in zuba musu ruwan sanyi da albasa da karas, in kwashe kumfar da ta taso, awa uku a wuta kaɗan, in tace. Wannan romon nake zubawa a madadin ruwa ranar da babu nama.

Nakan yi miyar nan ninki biyu da gangan, domin ta kwana ta fi daɗi. Sai dai ajiyar tana son kula, kuma a nan ba na wasa, tun ranar da ƙaramin ɗana ya kwana yana amai saboda ragowar abincin da na bari a kan murhu ina cewa ai da safe zan ɗumama. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, wato daidai lokacin da abinci yake ɗumi-ɗumi. Kada ya wuce awa biyu a waje, idan ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta huce ba ko a cikin firij, don haka ki rarraba a ƙananan robobi marasa zurfi. A firij kwana uku zuwa huɗu, a firiza wata biyu zuwa uku, amma wadda za ta shiga firiza ki cire mata dankali, yakan koma kamar soso idan ya narke. Shinkafa ta fi miya saurin cutarwa, akwai ƙwayar da tafasa ba ta kashe irinta, kuma dafin da take saki idan shinkafa ta daɗe a waje ɗumame ba ya kawar da shi. Ita nakan baza ta a faranti ta huce da wuri in sa a firij, washegari a cinye.

Idan kin buɗe robar da safe za ki ga maiƙo ya daskare a sama, ƙasa kuma romon ya kama jikinsa yana rawa idan kin girgiza. Wannan jijiyar ce da ta narke, alamar naman ya samu lokacinsa. Ki kwashe maiƙon da cokali ki ajiye, da shi nake soya albasar gobe. Ki ɗebi iya wadda za a ci, ki ɗan ƙara ruwa, ki ɗumama har ta tafasa ko'ina, sannan ki sake ɗanɗanawa, sau da yawa takan nemi ƙarin ɗigon lemun tsami.